Lokacin Mai Bincike Amana Ne

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, jawabinmu na wannan karo muna fuskantar da shi ga ɗiyanmu da ƙannenmu masu bincike a jami'o'in Yamai, Sayi, Maraɗi, Damagaram da Tawa, tare da iyalansu. Mun sha ganin ɗalibi mai kaifin basira ya soma kundin bincikensa, shekara ta zagayo, wata ta biyo ta, bai wuce babin farko ba, alhali iyayensa sun sayar da hatsi da bisashe domin karatun nan. In an tambaye shi, sai ya ce littattafai ne sunka yi ƙaranci. Wani jiƙon gaskiya ne. Amma galibi abin da ya rasa shi ne sa'o'i uku a jere, ba sallamar baƙo, ba kukan salula.

Wannan ciwo daɗaɗɗe ne. Imam Ibnul Jauzi, malamin Bagadaza da ya rasu a shekara ta 597 bayan hijira (1201), ya koka da shi cikin littafinsa Saidul Khaɗir. Masu ziyara sukan zauna masa da hirar da ba ta da amfani. In ya kore su ya ɓata zumunci, in ya biye musu yini ya salwanta. Sai ya tanadi ayyukan da ba su buƙatar tunani, wato yankan takarda, fiƙe alƙaluma da ɗaure littattafan rubutu, ya ajiye su sai baƙi sun zo. Baki na amsa gaisuwa, hannu na aiki. Talifi kuwa ya keɓe masa lokacin kaɗaici. Har an ruwaito cewa sassaƙen alƙalumansa da anka tara ya isa dafa ruwan da anka yi masa wankan gawa.

To, haka muke son mai bincike ya kasa aikinsa. Amsa saƙonni, jera takardu da gyaran ƙananan kurakurai su jira zafin rana, lokacin da ƙwaƙwalwa ta gaji. Daga sallar asuba zuwa hantsi kuwa na nazari ne da rubutu, salula tana wani ɗaki. Wanda ya ce zai leƙa WhatsApp na minti guda kawai, shi ma ya san ba haka za ta kasance ba.

Akwai kuma tarwatsewar himma, wadda ta fi baƙi ɓarna domin kama take da ƙwazo. Imam Nawawi ya shiga Dimashƙa yana saurayi, yana ɗaukar darasi 12 kowace rana. Ya taɓa sayen littafin Al-Ƙanun na Ibn Sina da nufin koyon likitanci, sai ya ji zuciyarsa ta dushe, ya kasa karatu kwanaki. Ya sayar da littafin, ya koma ga hadisi da fiƙihu. Kada wani ya fahimci cewa likitanci abin ƙi ne, farilla ce ta kifaya, kuma ƙasarmu na ƙishin likitoci. Abin lura shi ne ya san ƙofarsa, ya tsaya gare ta. Ya rasu a 676 (1277) yana da shekara 45, ya bar mana Arba'una Hadisi, Riyadus Salihina da sharhin Sahihu Muslim. Duk da haka ajali ya riske shi bai kammala Al-Majmu'u ba. Ina ga wanda ke sauya batun bincikensa kowace damina?

Ba mu ce a kwaikwayi ƙarancin barcinsa da cin abincinsa sau ɗaya a yini ba, jiki na da hakki.

Ku kuma iyaye, mata da abokan fada, idan ya rufe ƙofa da safe kada ku kira shi mai girman kai, kada ku tashe shi domin aiken da ƙaramin yaro zai iya. Ku bari sai bayan la'asar, a shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi.

Allah Ya sanya albarka cikin lokutanmu, amin.