Yaushe Jinkiri Yake Zama Cin Amana?

'Yan'uwa, a Ruwan Godiya da ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, da aro muke noma. Wannan ya ari garma, wancan famfon feshi, wani ya ɗauki hayar injin ban ruwa, ɗalibi kuma ya karɓi littafi a makaranta. Amma sau nawa kayan suke komawa a ranar da aka yi alkawari? Mukan ce ai ba sata muka yi ba, da hannunsa ya ba mu.

Doka ba ta tsaya a nan ba. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa na 1959 ya kira riƙe abin da aka danƙa wa mutum, da niyyar zamba, cin amana. Sashe na 312 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7. Kada mu ce littafi ƙaramin abu ne: a 2013 an kama wani mutum a jihar Texas ta Amurka saboda littafin ɗakin karatu da ya riƙe shekara 3. A ganinmu wannan ya yi tsauri. Amma alƙali niyya yake nema, niyya kuwa a zuciya take. Wanda ya manta bai yi laifi ba. Wanda kullum yake cewa gobe, alhali ya san goben ba za ta zo ba, shi ne abin tambaya. Katekizim na 1992 ya sa riƙe kayan aro da gangan a ƙarƙashin doka ta bakwai, ko da babu kotun da za ta tuhumi mutum. Famfon da ya kwana bakwai a ɗakinmu, masarar maƙwabci ce tsutsa take ci a kwanakin nan.

Akwai wadda ta fi wannan wuya. Mutum ya ari san noma, 'yan bindiga suka kore shi da dare. Wa zai biya? Littafin Fitowa, sura 22, ya ɗora wa mai aro biyan dabbar da ta ji rauni ko ta mutu ba a gaban mai ita ba. Malaman Malikiyya, waɗanda maƙwabtanmu Musulmi suke bi, sun bambanta: abin da za a iya ɓoyewa, kamar tufa, mai aro zai biya sai in ya kawo shaida, amma dabba ba zai biya ba in babu sakaci ko ƙarya. Kowane hukunci yana kāre wani matalauci, domin sau da yawa mai san ma shi kaɗai gare shi.

Mu dai muna ganin wanda ya riƙe san bayan ranar alkawari, asarar tasa ce, gama da ya mayar da shi da ba a hannunsa ta faru ba. Wanda kuwa aka far wa cikin wa'adi, ya je da kansa da safe ya faɗa, a zauna gaban mai unguwa a raba nauyin.