Kwalkwali ko Ƙwarya? Tunani a kan Komawar Babur Bakin Komadugu

Duk wanda ya san ƙasar Shetimari ya san abin da ke jiran matafiyi da zarar ya sauka daga babbar kwaltar da ta taso daga Yamai, ta bi ta Damagaram da Maine Soroa, ta shiga Diffa. In ya yi arewa rairayi ne da ƙaya. In ya yi kudu laka ce ta bakin Komadugu, mai santsi da damina, mai tsattsagewa da rani. A irin wannan ƙasa babur ne ke kai buhun taki gonar tattasai, ya kai malami makarantar ƙauye, ya kai mai naƙuda asibiti. Abin da Turawa suke kashe dukiya su zo su yi don nishaɗi, a zamanin da tseren Paris-Dakar ke ratsa Agadas da Tenere, shi mutumin nan yake yi kowace safiya domin neman abin sawa a bakin salati.

Sai aka wayi gari babu babur. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Kwanaki kaɗan bayan haka hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, ta hana hawan babur, domin a kansa maharan suka fi zuwa. Ta kuma hana cinikin kifi da na tattasai. An sake buɗe cinikin tattasai a 2017, kamun kifi a 2019, shi kuwa babur sai a 2020 aka ɗage haramcinsa. Shekara biyar ke nan babura na jingine a zaure ƙura ta rufe su, ƴan kabu-kabu sun watse neman wata sana'a.

An yi murnar dawowarsa, kuma murna ce mai dalili. Sai dai shekara biyar ba kwana biyar ba ce. Wanda ya ajiye babur yana da shekara 40 ya ɗauke shi yana da 45, zuciyarsa na tuna gwanintar da, hannunsa kuwa ya manta cewa ba a damƙe birkin gaba cikin rairayi. Yaron da yake da shekara 12 ranar da aka kafa doka ya kai 17 ranar da aka ɗage ta, ya girma bai ga yadda manya ke tuƙi ba, sai ga makulli a hannunsa. Tsawon waɗannan shekaru hani ne ya tsare kawunanmu daga faɗuwa, ba tare da mun zaɓa ba. Da hanin ya kau, tsaron ya dawo wuyanmu. Tambayar da nake son mu duba tare, ya mai karatu, ita ce: me mahayi yake bin kansa, me kuma ake bin sa, a lokacin da yake yanke shawarar abin da zai sa a jikinsa kafin ya tada babur?

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa

Wannan ce amsar farko da ake ba wanda ya yi zancen hular kwano. Magana ce ta gaskiya, amma an ɗora mata kayan da ba nata ba. Ita magana ce ta haƙuri, wadda ake faɗa wa wanda abin ya riga ya faɗa masa. Mu kuwa mun mai da ita izinin sakaci tun abin bai faru ba. Malamai sun ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya haɗa biyun, ɗaurin da dogaron. Shi kansa fiyayyen masu tawakkali sulke biyu ya sa ranar Uhudu, kuma da kwalkwali a kansa ya shiga Makka ranar da aka buɗe ta.

Ba ma sai mun je nesa ba. Can tsallaken kogi kufan Birnin Gazargamu yake, fadar sarakunan Barno, ƙasar barade masu lifidi da sulke. A 1823, da Baturen Ingila Denham ya iso Kukawa wurin Shehu Laminu, ya tarar da mahaya sanye da sulke daga wuya har gwiwa, wasunsu da hulunan ƙarfe masu kare har haɓa. Waɗannan mutane ba wanda ya isa ya kira su matsorata, balle ya ce imaninsu da ƙaddara rarrauna ne. Sun san kwana in ya ƙare ya ƙare, amma sun san kuma cewa shiga fagen fama da kai a buɗe wauta ce, ba jarunta ba. To, jikan barde da ya sauya doki da babur, ina hujjarsa ta jin kunyar abin da kakansa ya yi taƙama da shi?

Ɗalibanmu na ajin Faransanci sun san tatsuniyar La Fontaine ta mai amalanken da ya kafe cikin laka, ya ɗaga murya yana kiran taimako daga sama, aka ce masa ya fara kankare lakar ƙafafun, ya fasa dutsen da ya tare shi, ya cike ramin. Bahaushe ya taƙaita ta tun tuni: Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ita hular kuwa sababi ce kawai, ba laya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa hasara. Binciken da hukumar ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna cewa hula mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin 100, na mummunan raunin kai da kimanin kashi 70. Saura kaso mai yawa da ba ya hannun kowa. A can ne tawakkali yake da gurbinsa.

Kaina ne, ina ruwan wani?

Amsa ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, domin manyan masu tunani sun tsaya mata. A 1859 John Stuart Mill ya rubuta littafi sukutum yana kare ra'ayin cewa jama'a ba su da ikon tilasta wa baligi wani abu don amfanin kansa, sai fa in zai cutar da wani. Mu da muka ɗanɗani shekara biyar na hani mun san daɗin wannan magana.

Amma mu duba kan manomin tattasai na bakin Komadugu, mu ga ko nasa ne shi kaɗai. A cikinsa akwai bashin taki da na man injin ban-ruwa da za a biya bayan girbi, akwai kuɗin makarantar ƴaƴa, akwai tsohuwa da ke jiran abin cefane. In ya faɗi ya bugu, dangi ne za su sayar da akuya da sa, su ɗauke shi zuwa Diffa, in abin ya fi ƙarfin nan a nufi Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 450, ko Yamai, fiye da 1300. Kuma raunin ƙwaƙwalwa ba kullum yake kisa ba. Sau da yawa yakan bar mutum da rai, ba magana, ba aiki, matarsa na jinyarsa shekara da shekaru. Wanda ya ce kaina ne, sai ya fara tambayar wadda za ta yi jinyar.

Akwai kuma wanda aka goya a baya. Shi bai riƙe kan babur ba, bai zaɓi gudu ba, bai ga ramin da ke tafe ba. Amanar ransa kawai ya miƙa. Mun saba ganin maigida da hula, uwargida da goyo a bayansa kai a buɗe, gefen mayafinta na lilo kusa da sarƙa. A nan hujjar Mill da kanta ta juya wa mahayi baya, domin cutarwar ta isa ga wani. Hula ɗaya a babur mai ɗaukar mutum biyu tambaya ce da ba ta da amsa mai daɗi. Maganinta hula ta biyu. Hular babba kuwa ba ta tsare kan yaro, domin tana ficewa tun kafin ya kai ƙasa.

Ƙwaryar Kano

Ranar 1 ga Janairu 2009 aka soma tilasta sa hular kwano a Nijeriya. Cikin ƴan kwanaki kafofin labarai suka ba da rahoton ƴan acaɓa a Kano da suka kifa ƙwarya a ka, suka ɗaure ta da igiya, don su wuce jami'an hanya. An yi dariya, amma ƙwaryar nan ta tona asirin da yawa daga cikinmu. Mai kifa ƙwarya ya fahimci doka a matsayin abin da ke tsakaninsa da mai kaki. Bai ga cewa tana tsakanin kansa da ƙasa ba. Haka nan mai rataye hula a hannun babur har sai ya hango jandarma, da mai sa ta ba ɗauri, da mai sa hular magina wadda aka ƙera don abin da zai faɗo daga sama kawai. Duk ƙwarya ce, sai dai ta roba.

Sanin yadda hular ke aiki shi ke raba ta da ƙwarya. Likitan ƙwaƙwalwa Hugh Cairns, wanda yana cikin waɗanda suka duba Lawrence na Arabiya bayan faɗuwar babur da ta kashe shi a 1935, shi ya bi diddigin mutuwar sojoji masu kai saƙo a babur, har rundunar Ingila ta wajabta musu hula a 1941. Ƙwaƙwalwa tana yawo ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. In kai ya tsaya farat ɗaya sai ta daki ƙashi daga ciki. Ɓawon hula na waje yana baza ƙarfin bugun, farin soso mai tauri na ciki kuma yana murƙushewa a hankali, ya sassauta tsayawar. Saboda haka mai saye ya ɗaga ƙyallen ciki ya taɓa soson, ya tabbata yana da kauri. Ya ja maɗaurin haɓa da ƙarfi. Ya sa ta ya girgiza kai, in tana rawa ta yi masa yawa. Ya nemi tambarin harafin E cikin da'ira a jikin maɗaurin, alamar ƙa'ida ta 22 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko da yake shi ma ana yin jabunsa. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba ta tsage ba, don haka a yi hattara da ta gwanjo. Araha ba ta ado.

Kukan zafi da na tsada kukan gaskiya ne, ba na raina su. Fara mai kafofin iska ta fi baƙa sauƙi a watan Afirilu. Kuɗinta kuwa ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin babur, matuƙar an lissafa ta tun ranar ciniki, kamar yadda ba a sayen doki a ce linzami sai baɗi. Bayan kai sai ido, saboda ƙurar hunturu da ƙayar aduwa. Sai rufaffen takalmi maimakon silifa, domin cikin rairayi ƙafa ce ke fara sauka, kusa da salansa mai zafi. Sai safar hannu, domin tafin hannu ne ke tarar ƙasa. Babbar riga da zane da mayafi a tattare su kafin a tashi.

Fuskar da aka rufe

Akwai wani abu guda da ya keɓanta da mu, wanda mai rubuta littafin tuƙi a Faransa ba zai tuna da shi ba. A wannan yanki an yi shekarun da ƙarar babur da rufaffiyar fuska suke nufin mutuwa ta iso gari. Matan da suka tsallako kogi daga Damasak zuwa Gagamari a ƙarshen 2014, da yaran da suka girma a bukkokin bakin kwalta, ba su manta ba. Mahayin da ya kutsa ƙauye da baƙin gilashi a fuska ya tsare kansa, amma ya tsinka zuciyar wasu. Ke nan haƙƙi biyu ne suka haɗu a kan hula ɗaya: haƙƙin kai a tsare shi, da haƙƙin jama'a su san wa ke tafe.

Ba sai an yar da ɗaya ba. Gilashi ya zama garai, wanda ake ganin ido ta cikinsa. In an doso gari a rage gudu, a ɗaga shi. In an iso shingen jami'an tsaro ko majalisar dattawa a tsaya, a cire hula, a yi sallama. Barden da ma yakan sauka daga doki in ya iso ƙofar manya. An dawo mana da babur ne bisa yarda, yarda kuwa da fuska ake riƙe ta.

Abin da ya rage gare mu

Doka tana iya ɗora hula a kai, amma ba ta bin mutum cikin daji, inda ba jandarma, ba kuma asibiti kusa. A can abin da mutum ya yarda da shi a zuciyarsa ne kaɗai ke ɗaure masa maɗauri. Wannan kuwa aikin tarbiyya ne, wato aikinmu. Malamin da ya shigo farfajiyar makaranta da hula a ɗaure ya ba da darasi kafin a kaɗa ƙararrawa. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya wasan kwaikwayo da Hausa da Barbarci suna iya mai da mai ƙwarya abin dariya, mai kwalkwali abin koyi. Ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu suna iya yin adashin hula ta biyu. Uban da zai miƙa wa ɗansa makulli kuwa, ya miƙa masa hular tukuna, ya kuma fita da shi fili ya koya masa rairayi da laka, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.