Da Ƙafa Nawa Ka Ci?

A wata makarantar firamare da ke bayan ganuwar Zariya, 'yan aji biyar ƙwallo ɗaya ne gare su, shi ma ba na makaranta ba ne. Na wani yaro ne da ake wa laƙabi da Dogo, ɗan wani mai shagon yadi. Da an kaɗa ƙararrawar tara, shi ke zaɓen 'yan gefensa, shi ke cewa an yi keta, shi ke buga fanareti. Wanda ya yi masa musu kuwa, sai ya rungume ƙwallonsa ya ce an tashi. Ƙanana irin su Auta ba a ma zaɓensu. Aikinsu ɗauko ƙwallo in ya faɗa kwata.

Wata Litinin cikin hunturu ƙwallon ya faɗa kan ƙaya ya sace. Yara suka yi cirko-cirko a fili. Malaminsu, wani dattijo da ya tashi a ƙauye, ya leƙo daga aji ya ce, "Ba wanda ya iya langa a cikinku?" Kaɗan ne suka taɓa ganinta. Sai ya naɗe ƙafar wandonsa, ya kai hannu baya ya kama yatsan ƙafarsa ɗaya, ya yi tsalle uku da ɗayar. Yara suka fashe da dariya, shi ma ya dara.

Ya ce, "Kada ku raina ta. Gasar Wasanni ta Ƙasa da aka fara a Legas a 1973, wadda Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 1977 da 2009, yau har da langa ake yi a cikinta, tare da dambe da kokawa. Mu kuwa a dandali muka koye ta, da farin wata, bayan an gama girbi."

Ya raba su gida biyu, ya shata wurin sha da sanda. Kowane gida zai fitar da mutum ɗaya, shi ne ruwa. Sauran su kare shi, su buɗa masa hanya da kafaɗa har ya kai wurin sha. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya mutu, sai ya fita. In aka ka da ruwa, gidansu ya faɗi ke nan.

Monita ya ce, "Malam, kai ne alƙali?"

"A'a. Ni jinga zan duba." Ya ja kujerarsa gindin darbejiya, ya zaro jan bironsa.

Ranar farko ba a yi wasa ba, gardama aka yi. Wannan ya ce wane ya saki ƙafa, wancan ya rantse bai saki ba, har aka koma aji ba wanda ya sha. Washegari ma haka. Da suka kawo ƙara, Malam bai ce komai ba, ya dai nuna musu 'yan mata can gefen aji suna carafke. Wadda dutse ya kuɓuce mata, da hannunta take tura duwatsun gaban ta kusa da ita, ba mai tsaya musu. Kunya ta kama mazan. Suka koma suka yi shawara: duk wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa, shi da kansa zai ɗaga hannu ya fita.

A nan ne aka gano abin da ƙwallo ya daɗe yana ɓoyewa. Auta, da ba ya da nauyi, ya fi kowa iya zillewa da ƙafa ɗaya. Gidansu suka mai da shi ruwa, ya sha sau biyu a jere. Yaron da bai taɓa jin an kira sunansa a fili ba, ga shi ana rububinsa.

Abin ya yi wa Dogo ciwo. A zagaye na uku ƙura ta turnuƙe, ya faki ido ya sauke ƙafarsa, ya taka da biyu ya bangaje Auta, sannan ya yi maza ya sake kama yatsa. Auta ya tashi yana kaɗe riga. Ya dubi rairayi, ga sawun ƙafa biyu jere da juna inda ya kamata a ga ɗaya. Ya buɗe baki, ya dubi girman Dogo, ya rufe.

Da aka tashi, Malam ya ce Dogo ya ɗauko masa littattafai zuwa ofis. A hanya ya ce, "Yau wa ya ci?"

"Mu ne, Malam."

"Madalla. Da ƙafa nawa?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Yana jiran bulala, don ita ya sani. Da an zane shi, a ganina, da abin da zai koya bai wuce ya riƙa duba inda Malam yake kafin ya yi maguɗi ba. Malam dai cewa ya yi, "Gobe kai ne ruwa. Jeka, ka gai da babanka."

Dogo ya ɗauka girma aka ba shi. Bai san ruwa ba ya ci shi kaɗai ba, sai da waɗanda za su tsaya masa. Su wa ke nan? Yaran da ya shekara yana kora daga fili. Suka yi ta tsalle ba karsashi, aka ka da shi tun bai yi nisa ba. A zagaye na gaba wani daga ɗaya gidan ya sauke ƙafa ƙiri-ƙiri ya ture shi. Dogo ya miƙe, ido ya yi ja, yana cewa, "Wallahi ya saki! Na gan shi!"

Yaron ya ce, "To, ai jiya ma an ga wani."

Fili ya yi tsit. Dogo ya waiwaya gindin darbejiya, Malam na can yana ba da maki, ko ɗago kai bai yi ba. Dogo ya daɗe a tsaye. Can ya matsa wajen Auta, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Jiya ku kuka ci. Ka yi haƙuri." Auta ya ce, "Ba komai, yaya. Kama ƙafarka, ni zan tsaya maka ta dama."

Ba a rana ɗaya hali ke sauyawa ba. Dogo ya ci gaba da ɗaga murya, wani lokaci har da fushi. Amma wata Alhamis, saura tsalle biyu ya kai wurin sha, yatsan ya zame masa, tafin ƙafarsa ya shafi ƙasa. Ba wanda ya lura, don duk hankali na kan masu turereniya a baya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Na mutu." Gidansu ya faɗi ranar. Washegari da aka zo raba gida, kowane ɓangare shi yake so.

Malaman firamare, langa ba ta cin ko kwabo: fili ne da sanda ɗaya ta shata wurin sha. In an tashi tara gobe, ku raba yaran gida biyu, ku sa ƙaramin cikinsu ya zama ruwa, ku ja kujera gefe. Ku daure wa hayaniyar kwanakin farko, kada ku yi saurin ɗauko bulala.