Ba Ƙarya Ya Yi Ba, Amma Ya Faɗi Gaskiya?

A hutun da ya wuce agogon da mahaifina ya ba ni ya tsaya cik, ga jarrabawa ta ƙarato, ba a kuwa shiga ɗakinta da waya. Sai na nufi wani mai gyaran agogo a garinmu Gwarzo, na ce, "Malam, nawa ake sa batir?" Ya ce, "Naira 500." Na miƙa masa. Sai da ya ɓalle murfi, ya zare tsohon da hantsaki, sa'an nan ya ce, "Ɗan makaranta, na 500 ɗin ba ya jimawa. Mai kyau 1,200 ne, kuɗin aiki 300." Ga cikin agogona a buɗe a tafin hannunsa. Na biya 1,500, na tafi ina cizon yatsa.

Tun ran nan nake tambayar kaina: shin mutumin nan ya yi mini ƙarya? In aka bi maganarsa kalma kalma, bai yi ba. Batiran agogo iri biyu ne masu girma ɗaya: akwai mai alamar LR, mai araha, wanda ƙarfinsa ke raguwa da wuri, akwai kuma mai alamar SR, wanda ake yi da sinadarin azurfa, ya fi tsada, ya fi ƙarko. Mai kyaun ya sa mini, ga agogo yana tafiya har yau. To, ina laifinsa?

Amsar a Kabo na same ta, ran da gwaggona ta aike ni da agogon maigidanta wurin wani dattijo. Tun bai karɓa ba ya ce, "Yaro, iri biyu ne. Ƙarami da aiki 800, babba da aiki 1,500. Wanne za a sa?" Na ce, "Baba, a sa babba." Kuɗin da na biya a Gwarzo shi na biya a Kabo, amma a nan da farin ciki na tashi. Ashe ba yawan kuɗin ne ya ɓata mini rai ba, lokacin da aka faɗe shi ne.

Wani zai ce ai haka ciniki yake. A'a. A cinikinmu na Hausa mai kaya ya kan tsuga kuɗi, mai saye ya taya, a ce albarka, ya ƙara ko ya wuce abinsa. Kowa ya san wasan, kuma ƙafar kowa a sake take. Amma wanda ya sassauta farashi don ka miƙa kaya, ya tsananta bayan ya buɗe, ya ƙwace maka abin da ciniki ya dogara a kansa, watau ikon cewa na fasa. Shi ya sa malaman fiƙihu, kamar yadda ake karantawa a babin ciniki na Risala, suka hana garari da yaudara, suka shar'anta a san kuɗi kafin a ƙulla. Hausawa kuma suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma sai in ya ji da wuri.

Kada kuwa mu ɗalibai mu wanke kanmu. Sau nawa muke ce wa iyaye kuɗin rajista kaza ne, sai sun sayar da buhun masara sa'an nan mu tuno da na ɗaki da na littattafai? Ni kaina na taɓa yi, ina cewa ai ban yi ƙarya ba.

Alhasali, gaskiyar da aka riƙe har sai da ta daina amfanar mai ji, ita ce Bahaushe ke kira ba cinya ba, ƙafar baya. Allah Ya sa mu faɗi tamu tun murfi yana rufe.