Hukuncin Ƙona Daji A Musulunci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Daura, daga Zango zuwa Baure, daga Sandamu zuwa Mai'adua, sai a ga wuta tana ci a daji. Wani ya cinna ta domin farautar gafiya, wani kuwa domin sharar gona. Kaɗan ne ke tunanin inda hayaƙin yake zuwa.

Masana sun tabbatar cewa hayaƙin ciyawa yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushin toka da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. In rana ta bugi hayaƙin, sai iskokin da ke cikinsa su haɗu su haifar da wata iska, watau ozon, wadda ke cutar da huhu, ta kuma lalata ganyen tsiro. Iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas takan kwashi hayaƙin ƙasashen Sudan ta kai shi kan kurmin kudu. Har ila yau, an gano hayaƙin gobarar dajin Afirka yana ƙetare Tekun Atlantika ya isa kurmin Amazon a Brazil. Ashe ke nan maƙwabcin da ake cutarwa ba na bayan katanga ba ne kaɗai.

Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta ɓarnar tudu da ta teku ga aikin hannun mutane. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya ga an ƙona gidan tururuwa, ya yi hani da azabtarwa da wuta. To, ina ga mai ƙona daji sukutum saboda gafiya guda? Malaman Malikiyya kuwa sun ce wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi, ta ci dukiyar wani, lalle ne ya biya.

Dattawan da suka ga farin 1973 sun san darajar ciyawa da itace. Saboda haka wajibi ne limamai da dagatai su gargaɗi jama'a. A tara karan gero da harawa a ciyar da dabbobi, takinsu ya koma gona, a kuma dasa itatuwa, domin hadisin Buhari da Muslim ya nuna cewa duk abin da aka ci daga dashen Musulmi sadaka ne gare shi.

Allah Ya tsare al'umma daga ɓarna, amin.