IN ƘANE YA KA DA WA

Amarya, ke ma matso kusa, don gobe taki ce. Tambayar yau ƙarama ce, amma ta raba gidaje da yawa: shin laifi ne wa da ƙane su yi gasa?

Idan kaka ta yi a Wurno da Rabah da Goronyo, an kai gero rumbu, sai yara su cika dandali da kokawa da langa. Nan za ki ga ƙane ya ɗaga wansa ya maka da ƙasa, 'yan kallo na ta shewa. Wannan ba komai ba ne. Ɓarnar tana jiran su a gida. Uwa ta dubi babban ta ce, "Ji shi, ƙato da kai, yaro ya ka da ka!" In kuwa ɗan kishiya ne ya sha ƙasa, har da 'yar guɗa a ƙuryar ɗaki, a ƙara wa gwani tsoka a miya. To, daga ranar wasa ya ƙare, 'yan ubanci ya soma.

Wasu mata kan ce gara a hana su karawa gaba ɗaya. Ni dai ban yarda ba. Yaron da bai taɓa faɗuwa a hannun ɗan'uwansa ba, wata rana zai faɗi a hannun bare, inda babu mai kakkaɓe masa ƙura.

Dubi wasu 'yan'uwa biyu, Alade Aminu da ƙanensa Al-Farouq, 'yan asalin Nijeriya da suka tashi a Amurka. Ƙwallon kwando suke bugawa, wan a jami'ar Georgia Tech, ƙanen a Wake Forest. A 2009 sun kara da juna, kowa na neman ka da ƙungiyar ɗan'uwansa. Ƙanen ne ya fi yin suna daga baya. Duk da haka a 2012 riga ɗaya suka sa wa Nijeriya a gasar Olamfik ta Landan, a 2015 kuma suna tare lokacin da ƙasar ta ci kofin Afirka na maza karo na farko a Tunisiya. Karawar jiya ba ta hana su haɗa ƙarfi ba.

Ashe gasa ba ta da laifi. Laifin shi ne a auna wa yaro ƙauna da mudun nasara. Wanda ya ga tuwonsa na raguwa duk ranar da ya faɗi, ba zai manta ba. In mahaifi ya kwanta dama, a kan gonar albasa ta fadamar Rima za a ƙarasa kokawar, a gaban alƙali.

Don haka 'yar'uwa, in sun dawo, ki zuba musu a akushi ɗaya, naki da na abokiyar zamanki. Ki sa gwanin ya miƙa wa wansa ruwan wanke hannu. Ɗan'uwa rabin jiki ne, wa ya taɓa murna don hannunsa na dama ya karya na hagu?

Allah ya haɗa mana kan zuri'a, amin.