Wace Ce Motar 1984?

Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya fitar da wata 'yar motar rimot a 1984, ya sa mata suna Grasshopper. Girmanta kashi ɗaya cikin goma ne na motar tseren rairayi ta gaske, kuma a warwatse take zuwa cikin kwali, mai saye ne zai zauna da sukudireba ya ɗaura ta noti bayan noti. Irinta ce tawa. A tulin kayan wasan yara na gwanjo na tsince ta, ba rimot, tayar gaba ɗaya a tsage. Mai kayan bai ga bambancinta da motocin roba masu arha da ke gefenta ba, har sai da na gaya masa, ya ƙara mini kuɗi, muka rabu lafiya.

Gyara kuwa, in aka fara shi, shi yake jan mutum. Abin da ke ƙara mata gudu da rage shi wani ɗan hannu ne na ƙarfe mai goga a kan faranti, da wani farin dutse a gefe da ke shanye rarar wuta, yana zafin da zai tasa wa yatsa bororo. Na cire, na sa na zamani wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Batirinta na asali ƙwaya shida ne a jere, bolt 7.2, ya daɗe da mutuwa. Na LiPo ya gaje shi. Rediyon zamaninta a kan mita 27 MHz yake, inda in mutum biyu suka zo fili da kiristal iri ɗaya sai rimot ɗin wannan ya tuƙa motar wancan. Yanzu 2.4 GHz ake yayi, kowace mota ta san ubangidanta. Ƙaramin injinta mai lamba 380 ya koma 540, bushin roba suka koma boris. Da shasin ya tsage ta wajen ƙafar gaba ban sha wahala ba, domin kamfanin ya sake buga motar a 2005, kayan gyaranta suna samuwa. Yau abin da ya rage a jikinta na asali bai wuce kan ɗan direban roba, da ɓari ɗaya na giyabos, da 'yan notuna ba.

Ni ba na yar da abu. Duk abin da na cire yana cikin wani kwalin takalmi a ƙarƙashin tebur. Ƙanena, wanda ya fi ni son gardama, ya buɗe kwalin ya ce, "Yaya, to wace ce motar 1984 ɗin? Wadda ke tayar mana da ƙura a tsakar gida, ko wannan da ke kwance a nan?"

Tambayar ta girme mu nesa ba kusa ba. Plutarch, marubucin Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana shekara da shekaru, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu kan ko jirgin nan ne ko wani. A 1655 Baturen Ingila Thomas Hobbes ya ƙara mata gishiri: a ce wani yana bin bayan kafintocin yana tsince tsofaffin katakan, ƙarshe ya haɗa jirgi da su, wanne ne na Theseus? Ƙanena bai taɓa jin sunan Hobbes ba, kwalin takalmi ne ya kai shi can.

Ni dai ina tare da wadda ke gudu, kuma dalilina na farko daga tarihinmu na ɗauko shi. Allah ya tsare ni da daidaita Ɗakinsa da abin wasa, amma darasin a fili yake. Ƙuraishawa sun sake gina Ka'aba tun kafin annabci, Manzon Allah (SAW) yana ɗan shekara 35. Abdullahi ɗan Zubairu ya rushe ta har ƙasa ya sake ginawa, Hajjaju ya zo ya sauya wani sashe, sannan ambaliyar 1630 ta kayar da bangaye aka sake ɗaga su a zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Murad na huɗu. Babu malamin da ya ce an sami wata Ka'abar dabam. Lokacin da Ɗan Zubairu ya sauke ginin, ginshiƙai ya kafa ya rataya labule, mutane suka ci gaba da fuskantar wurin. Ashe ba duwatsun ne kaɗai ke riƙe da sunan ba.

Sai dai Ka'aba tana da gurbin da ba ya gusawa, mota kuwa aikinta ke nan gusawa. Me ke riƙe da nata sunan? Da farko na ɗauka rashin yankewa ne kawai: ba a taɓa wayar gari babu ita ba, ɗaya bayan ɗaya aka sauya kayan, kamar gidan ƙasa da ake wa yaɓe kowace shekara har ƙasar da kaka ya kwaɓa ta bi ruwa, amma gidan yana nan gidansu. Daga baya na ga akwai abin da ya fi wannan. Grasshopper tsalle take yi. Ƙafafunta na baya a kan sanda ɗaya suke tare da nauyin inji, sifirin ne kawai ke tare su ba mai a ciki, don haka ko tsakuwa ta taka sai bayanta ya yi sama ya dawo yana rawa. Na gwada sa mata shokazoba mai mai. Ta kwanta luf, tana shan kwana kamar an ja layi, ta fi da kyau ta kowace fuska, kuma a ranar ce kaɗai na dube ta na ji baƙuwa ce. Shasi sukutum na sauya ban ji haka ba. Na mayar mata da sifirinta.

Daga nan hankali yakan tsallaka zuwa kan mutum, kuma a nan nake taka birki. Masu musun tashin ƙiyama da irin wannan lissafin suka zo, mutum ya murtsuke ruɓaɓɓen ƙashi yana tambayar wa zai rayar da shi, aka amsa masa a ƙarshen Suratu Yasin. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna batun a mas'ala ta ƙarshe ta Tahafutul Falasifa, inda ya nuna jikin mutum yana ta sauyawa daga yarinta zuwa tsufa, amma shi ne dai shi, saboda ransa. Mota ba ta da rai. Abin da nake kira halinta, mu ne muka lura da shi muka ba shi daraja. Wanene mutum, wannan yana hannun wanda ya halicce shi; wace ce motar, wannan an bar mana, shi ya sa muke iya saɓani a kai ba wanda ya yi zunubi.

Inda zunubi ke iya shigowa shi ne ranar ciniki. Masu tara tsofaffin motocin nan suna biyan ta 1984 fiye da ta 2005, har sitika suke dubawa, domin a sabon bugun an sauya sunayen kamfanonin gaske da ke manne a jikin na farko. In na ce wa irin wannan mutum "ta 1984 ce" na yi shiru, ni a zuciyata ban yi ƙarya ba, amma na san abin da ya ji ba shi nake nufi ba. Hadisin mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama yana cikin Sahihu Muslim, kuma falsafar jirgin Girkawa ba za ta fitar da ni daga cikinsa ba.

Kwanan baya wani ɗan kasuwa mai wannan sha'awa ya taya. Na lissafa masa duk abin da na sauya, tun daga batir har shasi. Ya saurara, ya juya motar ya duba cikinta, ya ajiye, ya ce, "Malam, wannan ka riƙe abarka. Kwalin nan nawa za ka bar mini?" Ƙanena ya yi dariya har da buga ƙafa. Na ce ya ba ni mako guda, don akwai wani hannun tayar gaba a cikin kwalin da nake zaton zan sake buƙata.